Walda da janareta: tambayoyi da amsoshi ga masu sana'a

Inda wutar NEPA ba ta da tabbas, ko aiki ya kai mutum gona ko filin ginin da ba a ja wa wuta ba tukuna, janareta ne madogarar mai walda. Sai dai injin walda ba ya jan wuta irin yadda fanka ko talabijin suke ja. Fizga yake yi ya saki, sau ɗaruruwa a yini, kuma wannan fizgar ce asalin yawancin matsalolin da ake kawo mana. Mun tattara tambayoyin da aka fi yi, tare da lissafin da ke bayan kowace amsa. Duk lissafin a kan wutar bolt 230 ne mai bugu 50 a daƙiƙa, irin wadda ake amfani da ita a Najeriya da Gana.

Ƙaramin janaretan gida zai iya ɗaukar injin walda?

Idan ƙaramin Tiger ne da ake gauraya wa fetur da baƙin mai, a'a. Abin da yake bayarwa bai kai kilowat 1 ba, kuma tsinken walda mafi siranta da ake aikin ƙofa da shi yana neman fiye da ninki biyu na hakan. Janareta mai kVA 2.5 zuwa 3 (kVA shi ne ma'aunin ƙarfin janareta) zai iya ɗiga walda da tsinke mai kauri milimita 2.5, wanda ake kira geji 12, idan injin waldar na inbata ne, wato ƙaramin injin zamani mai allon lantarki a ciki, kuma an sauke am ƙasa, wato an rage yawan wutar da ke zuwa bakin tsinke. Ɗigawa muka ce, ba jan dogon layi ba. Aikin yini sosai daga kVA 5.5 zuwa sama yake farawa.

Yaya zan lissafa girman janaretan da ya dace da aikina?

Hanya mafi sauƙi ita ce ka duba ƙaramin allon da ke manne a bayan injin waldar ko ƙarƙashinsa. Akwai lamba da aka rubuta I1max, wato mafi yawan am ɗin da injin zai ja daga soket. Ka ninka ta da 230, ka ƙara kashi 30 cikin ɗari. Injin da aka rubuta masa am 25: 25 sau 230 ya ba da 5,750, da ƙarin kashi 30 ya kusa 7,500. Wato kVA 7.5 ke nan idan kana so ka buɗe injin har ƙarshensa.

Amma ba kowa ke buɗe inji har ƙarshe ba. Saboda haka ya fi kyau a yi lissafi daga tsinken da za a ƙona. Ga yadda ake yi, da tsinke mai milimita 3.2, geji 10, a kan am 110.

Da farko a nemo bolt ɗin da ke bakin tsinke. Ƙa'idar da masu ƙera injin suke bi ita ce 20 a haɗa da am sau 0.04. Am 110 sau 0.04 ya zama 4.4, a haɗa da 20, bolt 24.4. A ninka da 110, wat 2,684 ke nan yake shiga ƙarfe. Injin inbata yana zubar da kusan kashi 15 cikin ɗari a matsayin zafi, don haka a raba da 0.85, a samu kusan wat 3,160. Nan ne mutane da yawa suke tsayawa, su ce janaretan kVA 3.5 ya isa. Bai isa ba. Inbata na gama-gari ba ya shan wuta a jere, guntu-guntu yake kurɓa a ƙololuwar kowane bugu, wanda ke sa am ɗin da ke bi ta wayar janareta ya fi abin da wat ya nuna. Dole a sake rabawa da 0.7, a samu kusan 4,500, wato am 20 daga soket. A ƙara kashi 30 na sarari, ya tashi kusan kVA 6.

Injin da aka rubuta wa PFC a jiki an gyara masa wannan halin. A maimakon 0.7, da 0.99 ake rabawa, sai aikin nan na am 110 ya tsaya a am 14, janaretan kVA 4.2 ya ɗauke shi. Ya fi tsada, amma ga wanda kullum a kan janareta yake, kuɗin yana dawowa ta wajen fetur.

Ba na son lissafi. Ku faɗa mini kawai.

Da inbata na gama-gari: geji 12 a am 80 yana son kVA 4, geji 10 a am 110 yana son kVA 6, geji 8 mai milimita 4 a am 160 yana son kVA 9 zuwa 10. Lambar da ake nufi ita ce ta ƙarfin da janareta yake iya riƙewa a kai a kai, ba babbar lambar da ake bugawa a jikin tanki ba.

Oga, injina taransifoma ne, irin naɗin gida da ake zuba wa mai a ciki. Lissafin ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma bambancin ba kaɗan ba. Taransifoman walda yana jan wuta daidai da bolt ɗin da yake fitarwa lokacin da tsinke bai taɓa ƙarfe ba, a ninka da am ɗin walda. Ka sa mitar auna wuta tsakanin mariƙin tsinke da wayar da ake maƙalawa a jikin aiki, za ka ga tsakanin bolt 50 da 80. Idan 60 ka gani kuma kana walda da am 110, to 6,600 ke nan, kusan am 29 daga soket. Ƙara sarari, ka ga kana neman kVA 9 zuwa 10 don aikin da inbata zai yi da kVA 6. Naɗin gida kuma sau da yawa ya fi haka ci, musamman idan an yi rowar waya ko ba a matse ƙarafan cikinsa sosai ba. Shi ya sa shagunan da ke aiki da irinsa suke ajiye babban injin dizal irin su Lister.

Abin da za a yaba wa taransifoma shi ne juriya. Wutar janareta ta hau ta sauka, bai damu ba, domin babu allon lantarki a cikinsa da zai ƙone. Janaretan ne ke shan wahalarsa. Idan ɗaukar inji zuwa wurin aiki ne sana'arka, ka bar taransifoma a shago ka sayi inbata.

An rubuta 400 a jikin ɗan injina, amma geji 8 yana gagararsa. Janareta ne da laifi?

Da wuya. Am 400 na gaskiya yana bukatar bolt 36 a bakin tsinke, wato fiye da kilowat 14, kuma babu soket ɗin gida da zai ba da wannan. Ka koma kan I1max. Idan 25 aka rubuta, ninka 230 da 25 da 0.7 da 0.85, ka samu kusan wat 3,400, wanda iyakarsa am 135 ne a bakin tsinke, ko me fitilar lambobin gaban injin ta nuna. Wannan ma labari ne mai daɗi ta wani ɓangare: janaretan da kake bukata bai kai yadda lambar 400 ta tsorata ka ba.

Ka duba kuma layin da ke da alamar X da kashi cikin ɗari. Kashi 60 yana nufin minti 6 na walda, minti 4 na hutu, a cikin kowane minti 10. Idan ka wuce, fitilar zafi ta kama injin ya ɗauke, ba janareta ba ne.

To shi janaretan fa? An rubuta kVA 8 amma da na taɓa tsinke sai ya durƙusa.

Takardar da aka liƙa ba ta ba da wuta, injin da ke juya kan janaretan ne ke bayarwa. Ka nemi girman injin. Mai cc 196, wanda ake ce wa doki 6.5, yana ba da kilowat 2.5 zuwa 2.8. Mai cc 389, doki 13, yana ba da kilowat 5 zuwa 5.5. Mai cc 420, doki 15, yana kaiwa 6 zuwa 6.5. Doki ɗaya wat 746 ne, kuma ana auna dokin ne a gudun da ya fi zagaye 3,000 a minti da janaretanmu yake yi, sannan wani kaso yana salwanta a cikin kwal, wato naɗin wayar da ke samar da wuta. Duk janaretan da injinsa cc 196 ne aka rubuta masa kVA 5, rubutun ne kawai.

Nauyi ma yana faɗar gaskiya. Janaretan fetur mai kilowat 5 na sosai yana kai kilo 80 ko fiye. Idan mutum ɗaya ya ɗaga shi ba nishi, a yi shakka.

Me ya sa inbata yake yawan ƙonewa a kan janareta, alhali a wutar NEPA yana shekaru?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma mutane suna zaton lokacin da tsinke yake ci ne haɗarin yake. Haɗarin yana lokacin da ka ɗaga tsinke.

Yayin walda gwamnan inji, wato na'urar da ke daidaita gudunsa, ya buɗe maƙogwaron kafireto sosai don ya riƙe nauyin kilowat 3 ko 4. Da ka ɗaga hannu, nauyin ya ɓace a ƙiftawar ido, amma gwamna na ƙarfe ne da sifirin, yana ɗaukar ɗan lokaci kafin ya rufe. Kamar mai jan guga ne igiya ta tsinke masa, baya zai yi da ƙarfi. Injin ya zabura, wuta ta yi sama. A cikin inbata akwai manyan kafasita, masu tara wuta, da aka yi su don bolt 400 ko 450. Wutar bolt 230 idan aka miƙar da ita tana zama 325 a kansu. Idan janareta ya cilla 290, sun ga 410. Sau ɗaya ba zai kashe su ba, amma mai haɗa ƙarfen taga yana ɗiga walda sau ɗaruruwa a yini, kuma kowane ɗigo da zaburarsa. Wata rana kafasita ta kumbura, ko ƙananan makunnan IGBT su fashe.

Ƙarancin wuta ma yana kisa, a hankali. Idan bolt ya faɗi ƙasa da 190, inbata yana ƙara jan am don ya cike giɓin, kayan cikinsa su yi zafi. Yawancin injinan an yi su ne su jure kashi 15 sama ko ƙasa, wato daga 195 zuwa 265.

Maganin duka biyun abu ɗaya ne: janaretan da ya fi aikin girma. Idan walda kashi 60 ko 70 kawai take ci daga ƙarfinsa, durƙusawar ba ta yin zurfi, zaburar ma ba ta yin tsawo. Akwai kuma dabarar da ba ta cin kuɗi: ka bar ƙwan halojin mai wat 300 zuwa 500 a kunne a jikin janaretan duk tsawon aikin. Nauyin ba zai taɓa komawa sifili ba, kuma idonka zai riƙa ganin yadda wutar take hawa da sauka. Ƙwan zamani mara cin wuta ba ya wannan aikin.

Akwai tsarin kunnawa da kashewa?

Akwai, kuma a koya wa yaran shago shi tun ranar farko. A kashe makunnin injin walda, a sauke birekar janareta. A tayar da janareta, a mayar da cok, a bar shi minti 2 zuwa 3 har muryarsa ta daidaita. A duba mita, 225 zuwa 240. Sannan a ɗaga bireka, sannan a kunna injin walda. Wajen tashi a bi ta baya: injin walda, bireka, a bar janareta ya yi minti 2 ba nauyi ya huce, sannan a kashe.

Kada a bari fetur ya ƙare injin walda yana kunne. Lokacin da janareta yake shaƙewa yana farfaɗowa, wutar da yake fitarwa ita ce mafi muni. Kashe shi da nauyi a kai kuma yana iya goge ɗan maganaɗisun da ke saura a kansa, gobe a tayar ya yi ta gudu ba wuta.

Idan janaretan yana da makunnin rage gudu lokacin da ba nauyi, a kashe shi. Kafin ya farka daga barci tsinke ya riga ya manne.

Wane irin janareta ya fi: mai AVR, mai kafasita, ko na inbata?

Mai AVR ne ya fi dacewa da yawancin masu walda. AVR ɗin ɗan akwati ne mai siffar rabin wata a bayan kan janareta, yana auna wutar da ke fita yana gyara ta ta hanyar burushi biyu na gawayi. Yana da araha, kuma kowane makanikin janareta yana iya sauya shi. Mai kafasita ba shi da burushi, wutarsa gudun inji take bi kai tsaye, don haka duk zaburar da muka ambata tana isa ga injin waldarka ba mai tare ta. Da taransifoma babu laifi, da inbata a guje shi.

Janareta na inbata wutarsa ta fi tsafta, amma ba shi da haƙuri: nauyi ya wuce ƙima ko na daƙiƙa kaɗan ne, ya ɗauke. Idan za a saye shi don walda, a saya da sarari sosai. Wasu kamfanonin injin walda suna sharaɗin gurɓatar wutar janareta, abin da ake rubutawa THD, kada ta wuce kashi 5 ko 6. In takardar janaretan ta nuna wannan lambar, alama ce mai kyau.

In sa sitabilaiza a tsakani?

A'a. Jinkirinta ya fi na gwamna, kuma tana iya ɗaga wuta daidai lokacin da ka saki tsinke, ta ƙara wa zabura tsawo.

Wace waya zan ja daga janareta zuwa injin walda?

A nan ake asarar wuta ba a sani ba. A nisan mita 30 da am 25, wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 1.5 tana cinye kusan bolt 17, mai 2.5 tana cinye 10, mai 4 tana cinye kusan 7. Ka tuna janaretan da kansa ya riga ya sauka zuwa 210 ko ƙasa lokacin da tsinke yake ci. Shawararmu: 2.5 idan bai wuce mita 15 ba, 4 har zuwa mita 30, 6 idan ya wuce haka. Wayar alminiyon da aka shafa wa ruwan tagulla kusan kashi 60 kawai take ɗauka na abin da tagulla ke ɗauka. Ka kankare bakin wayar da wuƙa, in ciki fari ne ka san abin da ka saya.

A warware wayar gaba ɗaya daga kan abin naɗinta. Wayar da ke naɗe ba ta samun iska, robarta tana narkewa daga ciki.

Fulogin gida mai ƙafa uku am 13 ne iyakarsa, kuma aikin geji 10 am 20 yake ja. Shi ya sa ake ganin soket ɗin janareta ya yi baƙi ya narke. A yi amfani da shuɗin soket mai am 32 idan janaretan yana da shi, in babu a sa mai gyaran wuta ya ɗaura. Tura tsirarun wayoyi cikin soket a tokare da tsinken ashana shi ne silar gobara da yawa.

Idan dole a ƙara tsawo, a ƙara a ɓangaren bolt 230, a kawo injin walda kusa da aiki. Wayar mariƙin tsinke am fiye da 100 take ɗauka, kowane mita da aka ƙara mata asara ce babba. Kaurinta kada ya gaza 16 don geji 10, 25 don geji 8.

Tsinke yana ta mannewa, janareta yana nishi. Ta ina zan fara bincike?

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Wurin da ka maƙala wayar aiki: a goge tsatsa da fenti har ƙarfe ya yi fari. Guntun rodi da ake jinginawa a maimakon maƙali yana cinye wuta. Sai tsinken: wanda ya sha raɓa ba ya kamawa da kyau, musamman mai lamba 7018. A kan ƙaramin janareta 6013 ne ya fi sauƙin kamawa. Ka ja shi kamar ƙyasta ashana, kada ka caka.

Idan injinka yana da maɓallin ƙarin wuta na farkon kamawa, ka rage shi, domin wannan ƙarin ne ke durƙusar da janareta a daƙiƙar farko. Tsinke ya manne, ka murɗa shi ka cire nan take ko ka saki mariƙin, kada ka bar janareta yana kokawa.

Daga nan ka sa mita, wani ya riƙa kallo kana walda. Idan murya ta faɗi kuma bolt ya faɗi, inji ne ya gaza: matatar iska ta toshe, kafireto ya yi datti, ko nauyin ya fi ƙarfinsa. Idan murya ba ta sauya ba amma bolt ya faɗi, a duba AVR, burushi da waya. Idan mitarka tana auna bugu, ba nauyi ya kamata ta nuna 51.5 zuwa 52.5, da nauyi ta sauko kusa da 50. Kada a ɗaure sukurun gwamna don a ƙara ƙarfi, zabura kawai ake ƙarawa.

Bireka da ke faɗuwa bayan tsinke biyu ko uku tana faɗa maka am ya wuce abin da kwal zai jure. Wanda ya cire ta ya haɗa waya kai tsaye, kuɗin naɗin kwal yake tarawa.

Yarona zai iya yanka da giranda ina walda?

Ƙaramar giranda mai inci 4.5 tana cin wat 700 zuwa 900, babba mai inci 9 tana cin 2,000 zuwa 2,400, kuma wajen tashi tana fizgar ninki biyu ko uku. A janaretan kVA 6 da geji 10, ko dai walda ko yanka, ɗaya bayan ɗaya. In ana so a haɗa, a tara wat ɗin giranda a kan lissafin farko kafin a ƙara kashi 30.

Zafi da ƙura suna rage ƙarfin janareta?

Suna ragewa. Iska mai zafi ba ta da nauyi, injin ba ya samun abin da zai ƙona fetur da shi sosai, kwal kuma ba ya hucewa. Janaretan da yake ɗaukar geji 10 lafiya da sanyin safiya zai iya gazawa da azahar a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke wuce digiri 40. A yi masa rumfa mai buɗaɗɗen gefe. Tudu ma haka: ana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari a kowane mita 300 na hawa, don haka a Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, an rasa fiye da kashi 10 tun kafin a fara aiki.

Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska cikin kwanaki. A wanke soson da ruwan sabulu, a shanya ya bushe sarai, a ɗiga masa baƙin mai a matse. Wadda ta fi ta illa ita ce ƙurar giranda, domin garin ƙarfe ce, fankar inbata da ta janareta suna zuƙe ta, ta kwanta a kan allon lantarki ta haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba. A juya tartsatsin yanka ya ba injinan baya. Lokaci-lokaci a buɗe inbata a hure shi da busasshiyar iska, bayan an cire shi daga wuta da minti 10, saboda kafasita tana riƙe wuta bayan an kashe.

Na samu janareta mai layi uku kVA 10. Wani kuma ya ce in haɗa ƙanana biyu.

Mai layi uku kashi ɗaya cikin uku kawai yake ba kowane layi, wato kVA 3.3 ga injinka mai layi ɗaya, kuma ɗora nauyi a layi ɗaya yana karkatar da wutar sauran. Haɗa janareta biyu na gama-gari kuwa ba ya yiwuwa, bugunsu ba ya tafiya tare, ɗaya zai ƙona ɗaya. Na inbata ne kaɗai da aka yi musu wayar haɗi ta musamman suke yarda da haka.

Na hannu da ake shigowa da su daga Amurka bolt 120 da 240 suke bayarwa a bugu 60. A ɗauki wuta daga soket ɗin 240. Yawancin inbata an rubuta musu 50/60, ba matsala.

MIG da TIG fa? Sola fa?

TIG walda ce da gas da tsinin da ba ya narkewa, MIG kuma da gas da wayar da injin ke turowa da kansa. A am 100, TIG bolt 14 yake nema, MIG 19, tsinke 24, don haka sun fi tsinke sauƙi a kan janareta. Sai dai MIG ba ya son wuta mai rawa, nan da nan za a gani a layin waldar. Sola kuwa, aikin geji 10 yana jan kusan am 150 daga batir mai bolt 24. Ƙaramin tsarin gida ba zai jure ba.

Janaretan da aka haɗa shi da walda a jiki ɗaya ya fi?

Ga mai aikin daji, irin su tankin ruwa, shingen gona ko gyaran tarakta, yakan fi, domin wutar walda kai tsaye take fitowa daga kansa, babu allon da zabura za ta ƙona. Aibinsa biyu: soket ɗinsa na gefe ƙarami ne, kuma in ya lalace an rasa walda da wuta a lokaci guda.

Ina ya kamata in ajiye janareta lokacin aiki?

A waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, salansa tana kallon nesa da mutane. Iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari ba ta da launi. Ciwon kai da jiri su ne gargaɗin farko, kuma wanda ke aiki cikin kwantena, tanki ko ɗakin da ba a gama ba shi ya fi shiga haɗari. Tartsatsin walda yana iya tafiya mita 10, saboda haka jarkar fetur ta fi haka nisa. Ba a zuba mai inji yana gudu ko salansa tana da zafi, a jira minti 5 zuwa 10.

A jikin firam akwai kusar da aka yi wa alamar ƙasa. A ɗaura mata waya zuwa sandar tagulla da aka kafa a ƙasa mai laima, a sa kuma na'urar yanke wuta mai miliam 30 idan da hali. Kada wayar aiki ta walda ta taɓa firam ɗin janareta, kuma kada a ɗora abin da ake waldawa a kansa: am 100 zai bi ta siririyar wayar ƙasa ya ƙone ta. Da damina a kula, bolt 60 zuwa 80 na bakin mariƙi yana iya kayar da mutumin da safar hannunsa ta jiƙe. Shagon da ke da wutar NEPA kuma dole ya sa makunnin sauya layi, don kada wutar janareta ta koma kan falwaya ta sami ma'aikacin da ke gyara.

Nawa zai sha, kuma yaushe zan yi juye?

Injin cc 389 zuwa 420 yana shan tsakanin lita 2 da 3 a awa, gwargwadon nauyi. Yawancin man yana ƙonewa ne lokacin da ake awo da jera ƙarfe, don haka a yanka komai a jera kafin a tayar. Baƙin mai lita 1.1 yake ɗauka, ƙaramin mai cc 196 kuma 0.6. Juyen farko bayan awa 20, daga nan kowace awa 100, a rage zuwa 50 lokacin ƙura. Tazarar bakin fulogin inji milimita 0.7 zuwa 0.8. A ajiye shi a wuri mai daidai, domin in ya karkata na'urar gadin mai tana kashe shi a tsakiyar walda.

Alhaji ya ba ni kuɗin sayen janareta. Me zan gwada kafin in biya?

Ka tafi da injin waldarka, da wayarka, da mita, da guntun angul mai kauri, da tsinken da ka fi aiki da shi. Ka duba cc na injin, ka tabbatar akwai AVR da soket mai am 32, ka tambaya ko kwal ɗin tagulla ne. A tayar, ya yi minti 5, sannan ka ƙona tsinke uku a jere a am ɗin da ka saba, wani yana kallon mita. Kada ta sauka ƙasa da 200 lokacin da tsinke yake ci, kada ta haura 255 lokacin da ka ɗaga. Daga nan ka yi ɗigo goma da sauri-sauri, ka saurari yadda murya take komawa daidai bayan kowanne. Idan tana ta hawa da sauka ba ta zauna ba, gwamna ko kafireto yana da magana. Sabon janareta da mai shago ba zai zuba wa mai a gwada ba, ka nemi a rubuta maka a rasit cewa za a sauya shi da wanda ya fi girma idan bai ɗauki geji 10 ba.